Safiyo da Gadar da Babu Ita

A gidanmu kujerar Baba ce kaɗai ba ta tsufa ba. Namu duk sun lotsa, an sake musu yadi har sau biyu, amma tasa tana nan kamar jiya aka sauke ta daga mota, don mai ita bai taɓa ba ta minti goma cikakku ba. A tsaye yake shan shayi. A tsaye yake jin labaran rediyo, yana kaiwa yana komowa tsakanin ƙofar ɗaki da bakin famfo, har Mama ta gaji ta ce, "Malam, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri." Sai ya ce to, ya ɗosana, kafin ta juya ya miƙe.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana aiki da masu awon ƙasa. Duk unguwa Safiyo ake ce masa, shi kuma har ya gaji da gyara wa mutane. "Ni ba safiyo ba ne," in ji shi, "ni ne mai riƙe wa safiyo sanda." Gaskiyarsa kuwa. Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka ɗauke shi jan sarƙar awo. Daga baya aka ba shi doguwar sandar nan mai zanen ja da fari, wadda ake tsayar da mutum da ita can nesa a tsakiyar rana, safiyo yana leƙensa ta na'ura mai ƙafa uku yana ɗaga masa hannu: matsa dama, matsa hagu, tsaya. Shi ke haƙa rami ya kafa turken siminti a kusurwar fili. Karatunsa bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma ban taɓa ganin wanda ya kai shi riƙe lamba a ka ba. Ya san takunsa ɗari da ashirin da takwas ne mita ɗari, kuma da wannan ya auna rabin garin nan.

Mun sha wuya a hannunsa muna yara. In aka aike ka ka dawo, ya tambaye ka nisan wurin, ka kuskura ka ce "nan kusa ne", to ka jawo wa kanka. "Kusa da me? Kusa ba lamba ba ce. Koma ka ƙirgo." Yayyena uku duk sun tsere wa wannan horo da suka girma, ɗaya tela, ɗaya direba, ɗaya malamar makaranta. Ni auta, ni na maƙale. Mama takan ce ko lokacin da yake neman aurenta ƙirga hanyar gidansu yake yi, shi kuma maimakon ya musa sai ya ce, "Dubu biyu da ɗari huɗu da sha ɗaya, in an bi ta bayan makaranta."

Ritayarsa ta zame mana jarrabawa. A watan farko ya auna tsakar gida, ya gano katangarmu ta ci tafin hannu ɗaya cikin filin maƙwabci, ya je ya faɗa wa mutumin da bai tambaye shi ba. Sannan ciwon suga ya zo, ya zo masa da rawar hannu. Likita ya ɗora shi a kan allura kowace safiya. Da yake hannunsa ba ya tsayuwa, Mama kuma ko ganin allura ba ta iya yi, sai ya zama kullum ƙarfe bakwai yana ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layinmu. Ɗaki biyu ne da baranda, da benci ɗaya, da nas guda wadda ta san jikinsa fiye da mu. Tana hango fuskarsa daga ƙofa za ta ce, "Baba, jiya ka sha abin da aka hana ka." Wannan asibitin ne ya riƙe mana shi shekara shida.

Ni kuwa gadon aikinsa na yi, sai dai nawa a zaune ake yin sa. Ina sashen taswira a ofishin tsara gari, gaban kwamfuta, a kan abin da muke kira GIS. Ranar da ya fara zuwa ganin wurin aikina, na yi ta zumuɗin in burge shi. Na ce ya ɗauka taswirar garin ba takarda ɗaya ba ce, fallaye ne masu yawa da ake hango na ƙasa ta cikin na sama. Falle ɗaya hanyoyi ne kawai, ɗaya gidaje, ɗaya magudanan ruwa, ɗaya makarantu da asibitoci. Kowane abu a kai ko ɗigo ne, ko layi, ko fili mai iyaka, kuma kowanne yana ɗauke da bayaninsa. Na taɓa wani ɗigo, sai ga sunan makaranta da yawan ajujuwanta da shekarar da aka gina ta. In ka ɗora fallayen a kan juna, sai ka yi wa garin tambaya. Gidaje nawa ne ba su da famfo cikin tafiyar minti goma? In ruwa ya taso mita ɗaya, waɗanne layuka ne za su nutse? Aikin da zai ci su Baba wata uku a cikin rana, kwamfuta kafin shayi ya huce ta ba da amsa.

Yana tsaye a bayana, ya goya hannu, ya ƙi kujerar da aka jawo masa. Ya nuna wani layi a fuskar kwamfutar.

"Wannan hanyar, wa ya taka ta?"

"Ba wanda ya taka, Baba. Daga hoton tauraron ɗan adam muka zana."

"Shi tauraron yana da ƙafa?"

Abokan aikina suka kwashe da dariya, ni kuma kunya ta kama ni, da haushi. A hanyar gida na ce masa zamani ya canza. Ya ce ya gani, kuma wurin ya yi kyau ƙwarai, musamman fankar.

Bara ne aikin ya faɗo a kan teburina. Hukumar lafiya ta ce ma'aikatanta sun yi kaɗan, dole a rufe ƙaramin asibiti guda a yankinmu. Bayan tankaɗe da rairaya biyu suka rage: namu na ƙarshen layi, da wani da ke unguwar hayi, tsallaken babban kwazazzabon da ya raba gabashin gari biyu. Ƙa'idar da aka ba mu mai sauƙi ce. A duba mutanen wace unguwa ce suka fi saurin isa babban asibiti da ƙafa, sai a rufe nasu. Na je wurin shugaban sashe na gaya masa ɗaya daga cikin biyun a layinmu yake. Ya ce, "Ai ba ke za ki zaɓa ba, kwamfuta ce. Yi aikinki."

Matsalar ita ce unguwar hayi sabuwa ce, ta tashi ne ba tsari, tsofaffin taswirorinmu ba su san da lungunanta ba. Sai da na yi mako uku ina bin hoton sama ina zana su ɗaya bayan ɗaya, har in na rufe ido lunguna nake gani. A wani wuri na ga abu miƙaƙƙe, fari-fari, ya ratsa kwazazzabon daga wannan gaɓa zuwa waccan. A bakinsa na nan akwai 'yar hanya da sawu ya share, a bakinsa na can ma haka. Hanya ta zo, hanya ta fita, ga abu a tsakani. Ko minti ɗaya ban yi ina tunani ba. Na ja layi a kai, na rubuta masa: gadar masu ƙafa.

Da na sa kwamfuta ta bi hanyoyin nan ta lissafa tafiya daga kowane gida, sai ta ce mutanen hayi minti goma sha takwas ne zuwa babban asibiti, mu kuma talatin da biyar. Wato na hayi za a rufe. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin raina. Na fita baranda na kira Mama na faɗa mata, na ji tana ta hamdala. Shugaba ya yaba, aka tura wa hukuma, aka ce kwamiti zai sa hannu ranar Talata ta sama.

Ina ma a nan na tsaya. Amma ni 'yar ubana ce wajen rashin barin abu ya kwanta. Na buga taswirar a babbar takarda na kai gida ranar Alhamis da yamma, don in nuna wa mai tambayar ƙafar tauraro abin da tauraron ya yi masa.

Ya shimfiɗa ta a tsakar gida, ya danne kusurwoyinta da takalma, ya durƙusa. Yatsansa na rawa yana bin layuka, yana kiran wurare da sunayen da aka daina kiran su da su tun kafin a haife ni. Sai yatsan ya tsaya a kan kwazazzabo.

"Auta, wannan fa?"

"Gada ce."

"Wa ya gina ta?"

"Ni na sani, Baba? Tana dai nan a hoto."

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takardar. Ya auna da faɗin yatsa daga tankin ruwa na kan tudu, ya sake aunawa daga makarantar 'yan mata. Ya ɗago.

"Bututun ruwa ne. Ni na riƙe sanda ranar da aka fitar da inda za a kafa ƙafafunsa. Guda shida ne, ta huɗu sai da aka sake haƙa mata rami don ƙasar wurin ta yi taushi."

Mama tana gyaran ganye a bakin ƙofar kicin, kuma ta riga mu duka isa ƙarshen lissafin. Ta ajiye faranti.

"To in ba gada ba ce, wanne za a rufe?"

Baba ya mai da ido kan takardar.

"Malam, naɗe takardar nan," ta ce. "Ba ka ga komai ba. Idonka ma ai ba gani yake sosai ba, likita ya faɗa. Yarinya ta yi aikinta, manyanta sun yaba, kai wa ya tambaye ka?"

"Ban ce komai ba. Na ce dai bututu ne."

"Sai ka ce bututu ne a cikinka! In aka rufe na nan, kai za ka riƙa takawa kullum da safe ba ka karya ba, da ƙafar nan da ke kumbura? Ko ni zan goya ka?"

Ni ma na taya ta, don raina ya ɓaci, tsoro kuma ya fara kama ni. Na ce rabonsa da wurin nan ya fi shekara ashirin, wa ya sani ko an yi gada tun daga baya. Ya ce haka ne, mai yiwuwa ne. Ya naɗe takardar a hankali ya miƙo min.

Washegari gidan bai zaunu ba. Ya gyara ƙyauren da bai lalace ba. Ya kwashe tukwanen furannin Mama daga gabas ya kai yamma, ya sake dawo da su. Ya fita sau biyar, kowace fita bai kai ƙarshen layi ba ya juyo. Ni ma a ofis haka na wuni, ina buɗe hoton nan ina ƙara girmansa har ya dagule ya zama dabbare-dabbare, ina neman abin da zai ce min gada ce. Na ga inuwar abin a ƙasan kwarin, siririya kamar zare. Na rufe, na leƙa taga, na je na sha ruwan da ba na jin ƙishirwarsa, na dawo na sake buɗewa. Da na koma gida na same shi a bakin ƙofa.

"Gobe Asabar," ya ce. "Ba ki da aiki."

Ana gama yi masa allura muka hau motar haya zuwa bayan babban asibiti, muka gangara ta wani lungu mai warin kwata har bakin kwazazzabo. Tun daga nesa na hango bututun. Kaurinsa bai fi na gangar mai ba. An taɓa shafa masa farin fenti, tafin ƙafa ya goge bayansa har yana ƙyalli, yana zaune a kan ƙafafun siminti shida. Ƙasa kuwa, zurfin bene mai hawa biyu, duwatsu ne da fasassun kwalabe da wani koren ruwa.

Kuma mutane na bi ta kai, shi ya sa sawu ya share hanya a gaɓa biyun. Muna tsaye wasu samari biyu suka wuce da sauri, hannuwa a buɗe. Bayansu wata mata ta zo daga can, da goyo a baya. Ta cire takalmanta ta cusa a jaka, ta rataya jakar a wuya, ta hau bututun kamar mai hawan jaki, ta riƙa jan jiki da tafin hannu kaɗan-kaɗan. Ba ta kalli ƙasa ba ko sau ɗaya. Jaririn da ke bayanta kuwa ƙasan yake ta leƙe. Ban san na riƙe hannun Baba ba sai da ya ce ina ji masa ciwo.

Da ta sauko tana kakkaɓe zane, Baba ya gaishe ta ya ce, "'Yata, in mutum ba shi da lafiya fa? Ko mai ciki?"

"Wa zai hau nan da ciki, Baba? Sai dai a zaga ta babbar gada. Amma ai muna da asibitinmu can ciki, sai abin ya yi tsanani muke fitowa." Ta gyara goyonta. "An ce ma wai za a rufe shi. Ni dai ban yarda ba, wane mara imani ne zai yi haka?"

Ta yi mana sai an jima ta wuce abinta. Mara imanin kuwa tana nan tsaye kusa da Baba.

Na ɗauki hoton bututun da waya, na ce mu koma gida, na ga abin da zan gani. Baba ya ce ban ga komai ba tukuna. Ya ce na san dai lambata ƙarya ce, amma ban san ta gaskiyar nawa ba ce, sai an taka zagayen. Na ce in na goge layin, kwamfuta za ta lissafa zagayen da kanta. Ya ce ai ita ta lissafa na farko.

Muka sami mota ta kai mu har ƙofar asibitin hayi, ɗaki biyu da baranda kamar namu, bencinsa cike da mata. Daga nan na kunna abin da ke bin sawun tafiya a wayata, shi kuma ya fara ƙirga, leɓɓansa na motsi. Hanyar ta bi gefen kwazazzabon ta yi kudu, tana ƙara nisa da babban asibitin da muke hangen rufinsa a tsallake. Wannan ne ya fi ci min rai, kana ganin wurin kana tafiya kana barinsa. Babu inuwa, babu kwalta, sai yashi da ke cika takalmi. Muka wuce masu buga bulo, muka wuce juji, muka wuce wani fili da ake wanke manyan motoci.

Mun yi kusan awa ɗaya sai na lura na fara wuce shi, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na iya tafiya. Na waiga. Zufa ta jiƙa masa riga, leɓɓansa sun yi fari, yana jan ƙafar hagu. A bakin rumfar wani mai faci ya tsaya, ya dafa wata tsohuwar taya, ya zauna a kai ba wanda ya roƙe shi. Na ɗauko alewar da Mama ta cusa min a jaka da safe ba tare da ta ce min uffan ba, na ɓare na sa masa a baki. Mai facin ya kawo ruwa yana ta jera masa sannu.

"Dubu biyar da ɗari biyu da..." Lambar ta maƙale wa Baba. Ya dube ni kamar yaron da ya manta saƙo a hanya. "Ya ɓace min, Auta."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina haka ba. Na ce bari in nemo mota. Ya ce mota ta jira.

"Ki ƙarasa. Ni ina nan wurin wannan bawan Allah. Kada ki yi sauri, ki yi tafiyar mai ciwo."

Na ƙarasa ni kaɗai, ina tafe ina waige har rumfar ta ɓace. Na hau babbar gada, na ratsa kasuwar kayan gini, na biya arewa duk tafiyar da muka yi kudu. Da na taɓa ƙofar babban asibiti na duba waya: awa ɗaya da minti hamsin da biyu. A taswirata minti goma sha takwas ne.

A motar da muka koma gida, bayan ya ɗan dawo hayyacinsa, na faɗi abin da ke cina tun safe. Ba na alfahari da shi, amma na faɗa.

"Baba, daga ni sai kai muka gani. Ba wanda zai duba layi ɗaya cikin dubu huɗu."

"Na sani," ya ce. "Ni ma tun shekaranjiya nake neman yadda zan yi in zama ban sani ba. Kina tsammani ina son rasa asibitin nan? Yau ma kin ga inda na tsaya." Ya kalli waje. "Akwai wani turke da na taɓa kafawa ba a wurinsa ba, ina saurayi. Rana ta yi zafi, ƙasar ta yi tauri, na matsa taku biyu inda ya fi taushi na binne shi. Ba wanda ya gani. Daga baya aka ja katanga a kansa, gidan wata mata ya rasa rabin ɗaki. Yau shekara arba'in ke nan ban bi ta layin nan ba, zagayewa nake yi." Ya juyo ya dube ni. "Aikinki ne, ba nawa ba. Ni dai na gaya miki yadda ake zama da shi."

Mama ta ga yadda ƙafarsa ta kumbura, ta ɗora ruwan zafi, ta gasa masa, ba ta tambaye mu abin da muka gano ba. Ranar Lahadi na wanke kayan da ba su yi datti ba, na goge tagogi, na je gidan yayata na kasa zama na dawo. Sau uku ina shirya wa kaina hujja mai kyau, cewa ai mutanen hayi sun saba, ai wata rana za a yi musu gada, ai ni ma uba ɗaya gare ni. Kowace hujja tana tsayawa da ƙafarta har sai na tuna da jakar nan a wuyan matar.

Ranar Litinin na riga mai shara isa ofis. Goge layin bai ɗauke ni daƙiƙa biyu ba. Na sa kwamfuta ta sake lissafi, na zauna ina kallon unguwar hayi tana juyewa daga kore zuwa ja, gida bayan gida, sama da gida dubu ɗaya da ɗari uku. Namu layin ya tsaya yadda yake, minti talatin da biyar, da kwalta da motocin haya. Ba sai an tambayi kwamfuta wanda za a rufe ba.

Shugaba ya dubi tsohuwar taswira, ya dubi sabuwa, ya dubi hoton bututun. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Gobe za a sa hannu. Na riga na gaya musu aikin nan ba kuskure a ciki. Kin san abin da kika jawo min?"

"Na sani, yallaɓai. Laifina ne, kuma a rubuce zan faɗa."

"Ba ke kika ce ɗayan a layinku yake ba?"

"Shi ne."

Ya mai da tabarau idonsa. Sannan ya ce in rubuto, in sa sunana a ƙasa manya-manya, kuma daga yau duk layin da ya tsallake ruwa ko rami sai an je an gani da ido kafin a kira shi gada. Na sami takardar gargaɗi a fayil ɗina, tana nan har yanzu. Kwamiti ya ɗage zamansa mako biyu, ya tura mutanensa suka duba, ya ce a rufe namu a ƙarshen wata.

Mama ta yi kwana tara ba ta yi mana magana ba, ni da Baba, sai ta dole. Abinci dai tana ajiyewa, da ƙarfi. Labari kuma ya zaga unguwa, ban san ta ina ba, cewa 'yar gidan Safiyo ce ta rubuta a rufe. Masu amsa gaisuwata da fara'a suka koma amsawa ciki-ciki. Ban ga laifinsu ba. Akwai masu hawan jini a layin nan, akwai masu jarirai, kuma ba su tsaya a bakin kwazazzabo sun gani ba. Abin da suka sani shi ne an ɗauke musu abin da ke ƙofarsu.

Nas ɗin, da aka ce hayi za a mai da ita, ta kira ni a makonta na ƙarshe. Ta ajiye lemon zaƙi guda da sirinji a tebur ta ce, "Zauna. Tunda kin kore ni, sai ki karɓi aikin." Kwana biyar ina soka wa lemo allura kafin in wuce ofis, tana gyara min riƙo, tana nuna min yadda ake fitar da iska da yadda ake karanta zanen jikin sirinji. Ranar ƙarshe ta rungume ni ta ce kada in bari ya yi min wayo da shayi mai suga.

Safiyar farko bayan an rufe, ƙarfe bakwai saura, na wanke hannu sau uku. Baba ya ɗage riga. Na tsaya da sirinji a hannu ina kallonsa. Mama ta fito daga ɗaki, ta zo ta dafa kafaɗunsa da hannu biyu, ta rufe ido gam, ta ce, "Yi mana, ki daina kallonsa." Na yi. Sai da na zare ya ce nas ta fi ni sauƙin hannu, amma ba laifi.

Na shirya zan tafi aiki, ya ce zai raka ni bakin titi. Hanyar ta gaban asibitin take bi. An sa kwaɗo a ƙofa, an manna takarda, an ɗauke bencin. A dakalin baranda wata tsohuwa ce zaune, maƙwabciyarmu ta gida na huɗu, wadda ke zuwa awon hawan jini duk farkon wata, da katinta a cikin leda. Ba ta iya karatu ba, ba kuma wanda ya gaya mata ranar. Ta dube mu, ta dubi kwaɗon.

"Safiyo, ashe da gaske ne. An ce 'yarka ce ta sa aka rufe mana."

Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

"Ba ita ba ce, Iya. Ni ne."

"Kai? Kai da ke zuwa nan kullum?"

"Ni."

Ta yi ta kallonsa. Ya sunkuya ya karɓi ledar katin, ya miƙa mata hannu, ta kama ta miƙe da kyar. Ya ce min in wuce kada in makara, shi zai kai ta babban asibiti, ya jira a gama, ya dawo da ita.

Na tsaya a bakin titi, motoci uku suka wuce ni ban tsayar da ko ɗaya ba. Ina hango su a ɗaya gefen suna nufar inda ake hawa motar asibiti, tana dogare da shi, shi yana jan ƙafar hagu.